Shekarar da Innarku Ta Zama Idona

Na san abin da kuke faɗa a tsakaninku, ko da yake ba wanda ya taɓa faɗa a gabana. Kuna cewa makaranta ce ta cinye mini idanu, wai shugaban makaranta ne ya hana ni tafiya asibiti, kuma Innarku ta koma ga Allah da wannan baƙin cikin a zuciyarta. Kai Bashir, kai ne babba, kuma ka fi kowa riƙe wannan magana. Shi ya sa na sa ƙanwarka Hauwa ta zauna tana rubuta abin da nake faɗa, ba ragi ba ƙari. Ba wanda ya hana ni tafiya. Ku saurara ku ji yadda abin ya kasance.

A lokacin muna zaune a Tsafe, ina koyar da Hausa a wata makarantar je-ka-ka-dawo da ke bayan gari, saura kaɗan in yi ritaya. Shekara ce ta rashin kwanciyar hankali. Mutanen ƙauyuka suna ta shigowa gari da tabarmi da tukwane a ka, sun baro gonaki da dabbobi. Ajinmu na shida, masu shirin jarrabawar fita sakandare, ya cika da yaran da ba mu san su ba, daga Bilbis, daga 'Yankuzo, daga ƙauyukan da ni ma ban taɓa takawa ba. Ɗalibai suna ƙaruwa, malamai kuwa suna raguwa, kowa yana neman a mayar da shi Gusau. Ban ga laifinsu ba, suna da iyali. Da malamin Turanci ya tafi, shugaban makaranta ya same ni ƙarƙashin dalbejiya yana ta murza hularsa, ya roƙe ni in riƙe wa aji shida darasin auna fahimta na Turanci, in haɗa da nawa na Hausa da adabi. Auna fahimta shi ne a ba yaro ɗan labari ya karanta, sannan a yi masa tambayoyi a ga ko ya gane. Na ce masa dabarar ai ɗaya ce ko da wane harshe, na karɓa.

Idon kuwa ya daɗe yana yi mini gargaɗi ina kau da kai. Sai in yi tuntuɓe da buta a tsakar gida, in ce yara ne suka ajiye ta a hanya. Sai babur ya wuce ta gefena ban gan shi ba sai na ji iskarsa. Abin da ya tsorata ni a aji ya faru. Akwai wata yarinya Zulai, iyayenta sun taso daga wajen 'Yankuzo, tana zama can gefen taga. Wata rana bayan an tashi ta tsaya a bakin ƙofa tana murza bakin hijabinta.

"Malam, na yi maka wani laifi ne?"

Na ce, "Laifin me, Zulai?"

"Kullum ina ɗaga hannu, ba ka taɓa kira na ba. Yara sun ce don mu 'yan gudun hijira ne."

Washegari na tsaya a gaban allo ina kallon tsakiyar aji, na ce duk na layin taga su ɗaga hannu. Na ji motsin hannayensu, amma ban ga ko ɗaya ba sai da na juya kaina gaba ɗaya. Ashe duniyar ta daɗe tana tsukewa daga gefe, kamar mai leƙe ta cikin bututu.

Bashir, kai ka kai ni Gusau a motar da kake ja a lokacin. Likitan ya daɗe yana haska mini fitila a ido, ya sa na bi wani ɗan haske da kallo, sannan ya jingina da kujera. Ya ce hawan jinin ido ne, kuma ya yi nisa. Ya ce abin da ya tafi ba ya dawowa, aikinsu shi ne su tsare abin da ya rage. Maganin ɗigawa kaɗai ba zai isa ba, sai an yi mini aiki a Kaduna, kuma kada in yi jinkiri. Bayan aikin ba ni ba ƙurar alli, ba ni ba duƙawa a kan takarda, sai zirga-zirgar komawa asibiti na tsawon lokaci. Na tambaye shi ko abin zai iya jira zuwa bayan jarrabawa, watanni kaɗan ne. Ya dube ni kamar bai ji da kyau ba.

"Baba, ni ba zan ce maka zai jira ba. Wataƙila ya jira, wataƙila ya ƙi. In da mahaifina ne, gobe zan sa shi a mota."

Muna isa gida Innarku ta tare mu tun daga zaure, hannunta duk ƙullun fura. Kun san ta, 'yar Nahuce ce ta asali, maganarta ba ta taɓa barin Bunguɗu ba. Na ƙare rayuwata ina gyara wa ɗalibai "shina" zuwa "yana" saboda jarrabawa, amma ita ban taɓa gyara mata ko kalma ɗaya ba.

"Mi likita yac ce?"

Bashir ya faɗa mata komai, har da tambayar da na yi. Ta zauna a kan turmi. Da ta buɗe baki, ba ta ɗaga murya ba.

"Malam, ɗiyan mutane su ci jarrabawa, ni kuma in ja makaho. Haka kaka so?"

Na ce ban yanke komai ba tukuna.

"Na san ka. In ba ka yanke ba, da ba ka tambaya ba."

Yayana Alhaji Mamman ya bugo waya daga Nahuce ya yi ta faɗa, ya ce gwamnati ba ta san ina yi ba, in na makance ko katin gaisuwa ba za ta aiko ba. Kai ma Bashir ka ce ka riga ka nemi hutu a tasha, ranar da na shirya sai mu kama hanya. Hauwa tana kuka a ɗaki. Na ga kowa ya taru a gefe ɗaya, kuma gaskiya ce suke faɗa. Na ce to, na yarda, gobe zan je in sallami aji.

Da wannan niyyar na shiga aji shida, Allah ne shaida. Na ce bari in bar musu aiki ɗaya na ƙarshe, in ga inda suke, in rubuta wa duk wanda zai gaje ni, in akwai shi. Na rubuta musu ɗan labari a allo, na wata tsohuwa da ɗanta ya bar gida tun da daɗewa ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Kullum tana share ɗakinsa da safe, kullum in ta tuƙa tuwo sai ta rage malmala ɗaya ta rufe da faifai, washegari ta ba kaji. Tambayar ita ce, me ya sa tsohuwar take rage tuwo? Na karɓi takardun na kai su dab da hancina ina dubawa ɗaya bayan ɗaya. Wani ya rubuta, "ta rufe da faifai." Wani ya rubuta, "ta ba kaji." Duk inda suka ga kalmar tuwo a cikin labarin, sai su kwafe jimlar da ke kusa da ita. Ba ko mutum ɗaya da ya amsa daidai. Kuma na san rabin waɗannan yaran sun baro uwa a gida tana yin irin abin da tsohuwar nan take yi, don da yawansu akwai wa ko uba da aka tafi da shi daji ba labari.

Na ajiye takardun na yi tambayar da baki. Na juya kaina sosai zuwa layin taga, sai na ga hannu a sama.

"Zulai."

"Malam, jiran ɗanta take yi. Ba ta yarda ya mutu ba."

"To me ya hana ki rubuta haka?"

"Ai ba a rubuta shi a cikin labarin ba, Malam. Na ɗauka abin da aka rubuta kaɗai ake so."

Na tsaya riƙe da alli. Yaran nan sun iya karanta kowace kalma, kuma sun san ciwon da ke cikin labarin fiye da ni da na ƙirƙira shi. Abin da ba wanda ya taɓa faɗa musu shi ne an yarda su haɗa biyun. Wannan ba aikin shekaru ba ne, aikin 'yan watanni ne, in akwai mai yi. Kuma na san babu wanda za a turo. Na fita na sami shugaban makaranta, na gaya masa abin da likita ya ce. Mutumin nan ya ce in tafi, har ya fara rubuta mini takardar izini. Ni na dafa hannunsa na ce ya bari sai bayan jarrabawa. Ku daina zaginsa.

Innarku ta daina yi mini magana. Abinci yana zuwa a kan lokaci, ruwan alwala yana bakin ƙofa, maganin ido kuwa ba ta taɓa bari lokacinsa ya wuce ba. Sai ta zo ta kama haɓata ta ɗaga, ta ɗiga, ta ce "Allah shi shirye ka," ta tafi. Iyakar hirarmu ke nan har tsawon wani lokaci. Kai kuma Bashir ka koma Gusau ka daina zuwa, in ka bugo waya Innarku kaɗai kake nema.

Wata rana bayan la'asar ina zaune a tabarma da tsofaffin tambayoyin jarrabawa, ina neman labarin da zan kai aji. Rubutun ƙanana ne, in na kama farkon layi sai ƙarshensa ya ɓace mini, in na sauko sai in faɗa layin da ba shi ba. Hawaye suna zuba don wahala. Ban ji zuwanta ba, sai kawai aka zare takardar daga hannuna.

"Kawo nan, kar ka ƙarasa su tun yau."

Innarku firamare kaɗai ta yi, kuma rabonta da karanta wani abu mai tsawo tun kafin a haifi Bashir. Ta zauna nesa da ni kaɗan ta fara, tana bin layi da yatsa, tana tsayawa a kowace gaɓa. Wata waƙa ce a kan fari, shekarar da ruwan sama ya ƙi sauka. Ta kai wani wuri ta tsaya.

"Wai rumbu shina hamma. Rumbu na da baki ne?"

Na ce mata ana kiran wannan mutuntarwa, wato a ba abin da ba mutum ba halin mutum. Mawaƙin yana nufin rumbun ya buɗe, ba komai a ciki.

"To shi ce babu hatsi mana, mu huta."

Na ce, "In ya ce babu hatsi, kin ji labari. In ya ce rumbu yana hamma, kin ji yunwar."

Ta sake karanta layin ita kaɗai a hankali. Sannan ta ce, "Wanga mutum ya taɓa kwana da yunwa." Ta ci gaba.

Tun daga ranar, kullum bayan la'asar ita ke karanta mini. Na Hausa ta karanta, na Turanci kuwa Hauwa ta karanta in ta dawo daga makaranta, Innarku tana gefe tana tsince wake tana neman a fassara mata. Ni kuma in haddace labarin, da safe in shiga aji in sa ɗalibi ya rubuta a allo, in koyar daga ka. Ba ta fasa faɗa ba. Tana gama labari sai ta ce, "Saura kwana nawa wagga jarrabawa taku ta tsiya?" Amma ta fara damuwa da mutanen cikin labaran. In an yanke labari a tsakiya, kamar yadda masu jarrabawa suke yi, sai ta ji haushi ta ce ina sauran, ya aka ƙare da matar? Ta fara tambayata yaran ma da sunayensu, wa ya gane yau, wa bai zo ba. Mun yi shekaru masu yawa da aure, hirarmu ba ta wuce ta cefane da yara da biki da rasuwa. A waɗannan watannin ne na san yadda matata take tunani.

Aji ya fara buɗewa. Na hana su taɓa biro sai sun rufe labarin sun faɗa mini da bakinsu abin da ya faru, da abin da marubucin yake so a gane wanda bai faɗa ba. Daga nan muka shiga jigo, wato saƙon da labari ya ginu a kansa, da salo, da adon harshe. Na hana su haddar ma'ana, na ce kowa ya kawo misali daga gidansu. Ranar da muka zo kan bambancin kamantawa da siffantawa, na yi bayani na maimaita, na ji ba su kama ba. A lokacin fuskokinsu sun fara zama mini inuwa, da murya nake gane su. Sai na ji muryar Zulai.

"Malam, in na ce garinmu ya yi shiru kamar maƙabarta, na kamanta ke nan."

"Haka ne. Siffantawa fa?"

"Garinmu maƙabarta ne."

Ba wanda ya motsa. Can baya wani saurayi mai suna Isiyaku, wanda da ƙyar ake jin bakinsa, ya kifa kai a kan benci. Na bar su sai da suka natsu, sannan na ce ta amsa daidai. Da na ba Innarku labari da yamma, ta ajiye takardar ta shiga ɗaki. Ranar ba a yi karatu ba.

Da jarrabawa ta zo, ba duka suka zauna ba. Wasu iyayensu sun ƙara gaba zuwa Gusau ko Funtuwa kafin lokacin. Isiyaku ya koma ƙauye ya taimaki mahaifinsa su kwashe ɗan abin da ya rage a rumbu, bai dawo ba, kuma har yau ban sami wanda ya gaya mini abin da ya same shi ba. Ranar takardar Hausa na je na zauna a bakin ƙofar makarantar da aka haɗa su. Da suka fito suka kewaye ni kowa yana magana lokaci ɗaya, wannan ya ce an tambayi jigo, wancan ya ce mutuntarwa ta fito. Ina jin su, ina juya kai, ba na gane kowa.

Bayan nan muka tafi Kaduna, ni da Innarku da kai Bashir, ba ka ce da ni komai ba tun daga Tsafe har muka isa. Likitan can ya ce idona na hagu ya riga ya tafi. Na dama saura 'yar taga, za su yi aiki su gwada riƙe ta. Kai ne ka tambaye shi ko da mun zo da wuri da an ceci wani abu. Ya ce mai yiwuwa da an ceci fiye da haka, amma ba zai rantse ba. Na ji ka buga ƙofa ka fita. 'Yar tagar nan ta yi mini shekara guda da wani abu, sannan ita ma ta rufe.

Za ku so in ce sakamakon ya biya ni. Ba zan ce ba. Da yawa sun ci Hausa, wasu sun ci Turanci, abin da ba a saba gani ba a makarantar. Zulai ta ci duka biyun, ta faɗi lissafi, ba ta samu ta sake ba. Yanzu tana Gusau tana koyar da ƙananan yara a wata makarantar unguwa, takan zo gaishe ni da sallah. Ko wannan ya kai idanu biyu? Na daɗe ina auna abin a cikin duhun nan, wata rana in ga ya kai, wata rana in ga bai kai ba. Bashir, ba na neman ka ce na yi daidai. Kai ka yi ta ɗawainiya da ni tun daga lokacin, kana da hakkin jin haushi.

Amma batun Innarku, nan ne kuka yi kuskure. Bayan na yi ritaya mun dawo Gusau kusa da ku, ba aji ba ɗalibai, ita ce ta ce a taho da buhun tsofaffin tambayoyin nan. Kullum bayan la'asar sai ta jawo ɗaya ta karanta, ta yi mini tambayoyin da ke ƙasa, in na amsa ta ce ba ta yarda ba, mu yi ta gardama har a kira magariba. Ta ja ni zuwa masallaci, ta ja ni zuwa asibiti, ta yi mita a hanya yadda ta saba. Wata rana na ce mata ta yafe mini wahalar da na ɗora mata. Ta ce in bar wannan magana, in da na tafi Kaduna na bar yaran nan, da ta sami miji mai ido wanda ba ya iya kallon kowa.

Da ciwonta na ƙarshe ya kwantar da ita a asibiti, kuna kai ni da hantsi in zauna a gefen gadonta. Ranar Alhamis ɗin nan kun fita neman magani, kuka bar mu mu biyu. Na laluba na kama hannunta, na ji ya zama kamar kara. Muryarta ta yi ƙasa ƙwarai.

"Malam, gara da ba ka gani na yanzu. Na lalace."

Na ce ni ina ganin ta sarai.

"To mi kaka gani?"

Na ce ina ganin yarinyar da aka kawo mini daga Nahuce da lalle har gwiwar hannu, wadda in ta yi dariya wushiryarta take haska ɗaki, wadda duk ƙasar Bunguɗu ba a taɓa yin mai kyanta ba, kuma ba za a sake ba.

Na ji gadon yana ɗan girgiza. Na tsorata, na ɗauka numfashinta ne ya sarƙe, ashe dariya take yi.

"Wagga kambamawa ce, Malam. Ko ɗan aji ɗaya ya san ta."

Washegari Juma'a, kafin a tafi masallaci, Allah ya karɓi abarsa.

Buhun takardun yana nan bayan ƙofar ɗakina. Kwanakin baya Hauwa ta jawo ɗaya ta ce bari ta karanta mini, ta fara da muryarta mai kyau, ba tuntuɓe ba tsayawa. Ba ta kai ƙarshen sakin layi na farko ba na ce ta mayar, ba yanzu ba tukuna.